Kafin A Sayi Rumbun Bayanai, A Dubi Inda Ruwa Ya Tsaya A Bango

A makon jiya aiki ya kai ni Maiduguri, na kuwa yi amfani da wannan dama na leƙa wani tsohon abokina a unguwar Gamboru, wanda muka yi zaman aji ɗaya da shi tun muna yara. Shi Allah ya nufe shi da sanin kan na'ura mai ƙwaƙwalwa, yanzu kuwa shi ke kula da na'urorin wani kamfani na 'yan kasuwa masu sayar da kaya a sari, mai rassa da ɗakunan ajiya a cikin gari. Na iske shi ya baje takardu uku bisa tebur, ya zuba tagumi. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Malam, gara da Allah ya kawo ka. Alhaji ya ba ni mako biyu in zaɓi ɗaya daga cikin ukun nan, amma kowace na ɗauka sai in ga kamar 'yar'uwarta ta fi ta."

Takardun farashi ne daga dillalai uku, kowanne yana tallar abin da masu wannan sana'a ke kira SAN, ko kuma abin da zai tsaya a madadinsa. Na san yawancinku ba ku taɓa jin sunan ba. Amma duk wanda yake da ajiya a banki, ko kati a asibiti, ko ɗa mai jiran sakamakon jarrabawa, to wani yanki na rayuwarsa yana kwance cikin irin wannan akwati, saboda haka ku yi haƙuri in ɗan yi shimfiɗa.

Da yawa daga cikinmu mun fara jin kalmar saba ne a shekarar 2019, sa'ad da aka yi ta shari'a a kan ko hukumar zaɓe ta tara sakamako a cikin tata. Saba dai babbar kwamfuta ce da ƙananan kwamfutocin ofis ke ɗebo aiki daga gare ta. A da, kowane aiki da sabarsa: ta albashi dabam, ta lissafin kaya dabam, ta wasiƙu dabam, kowace tana shan wuta tana aikin da bai kai rabin ƙarfinta ba. Daga baya sai aka samo dabarar tsaga saba ɗaya ta zama kamar gidan haya, watau gini ɗaya mai ɗakuna da yawa, kowane ɗan haya yana ganin kamar shi kaɗai ne a gidan. Manhajojin da ke wannan aikin tsagawa su ne irin su VMware da Hyper-V na kamfanin Microsoft da Proxmox na ƙasar Ostiriya. Abokina yana da sabobi uku na ƙarfe, a cikinsu kuwa akwai 'yan haya wajen ashirin.

Babban amfanin wannan tsari shi ne, in gida ɗaya ya rushe, 'yan hayarsa suna iya ƙaura zuwa gidan maƙwabta cikin 'yan mintoci su ci gaba da aiki. Amma fa ba za su iya ƙaura ba in kayansu na cikin gidan da ya rushe. Dalili ke nan da ya sa ake fitar da dukan bayanai daga cikin sabobin, a tara su a akwati guda mai cike da fayafai, sa'an nan a ja masa layinsa na musamman zuwa kowace saba. Wannan akwati da layukansa su ne SAN. Ni dai rumbun tarayya nake kiransa, domin ba shi da bambanci da rumbu ɗaya da gidaje uku suka zuba hatsinsu a ciki. Kowa kuwa ya san abin da zai sami gidajen nan ranar da wuta ta kama rumbun.

Takarda ta farko ita ce ta alfarma. Rumbu ne na babban kamfani, dukan fayafansa irin na zamani ne waɗanda ba su juyawa, layinsa kuma shi ne wanda ake kira Fibre Channel, mai tafiya a kan zaren gilashi da akwatunan raba layi nasa na kansa, da katunansa na kansa a cikin kowace saba. Manyan bankuna irinsa suke amfani da shi, kuma babu mai musun ƙarkonsa. Ta biyu matsakaicin rumbu ne, irin ajin PowerVault na Dell ko MSA na HPE, wanda ke magana da sabobi ta hanyar iSCSI, watau ta kan irin layin da kowane yaro mai haɗa kwamfutocin ofis ya riga ya iya. Ta uku kuwa cewa ta yi a bar zancen rumbu ɗungurungum, a cika kowace saba da fayafai, a sa wata manhaja, kamar Ceph ko vSAN, ta riƙa ajiye kowane bayani a saba biyu ko uku a lokaci guda. Alhaji, in ji abokina, zuciyarsa ta karkata ga ta farko, saboda dillalin ya rantse masa cewa ko a Legas ba a wuce ta ba, shi kuwa mutum ne mai yawan faɗin araha ba ta ado.

Ina cikin juya takardun nan sai idona ya kai ga bangon ɗakin. An yi masa sabon fenti, amma duk da haka akwai wani layi mai duhu da ya ƙi ɓoyuwa, ya zagaye ɗakin daidai ƙirjina. Ban bukaci a faɗa mini ko mene ne ba.

A watan Satumba na 1994, sa'ad da ba a haifi wasu masu karatun wannan fili ba, ruwan madatsar Alau ya yi wa Maiduguri mummunar ɓarna. Shekara 30 bayan haka, da asubahin 10 ga Satumba, 2024, madatsar ta sake ɓallewa, kogin Ngadda ya yi ambaliya, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da Fori da Kasuwar Monday da fadar Shehu, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya rusa katangar gidan yari har fursunoni sama da 270 suka fice. An yi asarar rayuka, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. A wannan dare tsohuwar sabar kamfanin su abokina tana zaune a ƙasa cikin ɗakin nan. Suna da kwafin ajiya kuwa, ba a ce ba su yi tanadi ba: faifai ne da ake kwafa a kansa duk ranar Alhamis, a jefa shi cikin aljihun teburin da ke gefen sabar. Ruwa ya ci saba, ya ci tebur, ya ci kwafi.

Abin da ya tafi ba ƙarfe ba ne kawai. Kundin bashi ne na shekaru, wanda ya nuna wa ya ɗauki buhu nawa, ya biya nawa, saura nawa. Abokina ya ce watanni suka yi suna bin 'yan kasuwa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da su ma ruwa ya cinye musu rumfuna, suna tambayarsu abin da suke tunawa. Masu tsoron Allah suka faɗi gaskiya, wasu suka manta da gaske, wasu kuma suka manta da gangan.

Sai na sake duba takardun uku da kyau. Kowace ta faɗi saurin rumbunta da girman cikinsa da shekarun garanti. Babu ko ɗaya da ta tambayi inda za a ajiye akwatin, balle ta ce ga inda kwafi na biyu zai kwana. A ganina nan ne ainihin zaɓin yake, sauran duk rassa ne.

Dillalai suna da wata kalma da suke lallashin mai saye da ita, watau RAID. Dabara ce ta rarraba bayani a kan fayafai da yawa, yadda in ɗaya ya mutu sauran za su iya sake gina abin da ke kansa. Mai lamba 5 yana jure mutuwar faifai ɗaya, mai lamba 6 yana jure biyu. Dabara ce mai kyau, kuma ga manyan fayafan yanzu, waɗanda sake gina ɗaya kan ɗauki sa'o'i masu yawa, wani lokaci har kwanaki, mai lamba 6 shi ne abin nema, domin a cikin wannan wahalar ne faifai na biyu ya fi son ya bi ɗan'uwansa. Amma RAID maganin mutuwar faifai ne kurum. Ba ya maganin ruwa, ba ya maganin gobara, ba ya maganin ma'aikacin da ya goge abu bisa kuskure, haka nan ba ya maganin ɓarayin intanet masu kulle wa mutum bayanansa su ce sai ya biya fansa. Duk abin da ya sami akwatin ya sami dukan fayafan tare.

Kada kuma wani ya ce wannan sakaci ne irin namu na baƙar fata. A watan Maris na 2021 wuta ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVH a birnin Sitirasbog na Faransa, kamfanin da yake cikin manya na Turai wajen ajiye wa mutane bayanai, aka kuwa sami masu hulɗa da shi da suka rasa komai saboda kwafinsu yana cikin harabar da ta ƙone. A watan Satumba na 2025 gobara ta tashi a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu da ke Daejeon, wani rumbu da ma'aikatan gwamnati ke ajiye takardunsu a ciki ya ƙone ba tare da kwafi a wani wuri ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Masu sana'ar suna da ƙa'ida tsohuwa: kwafi uku, a kan irin ma'aji biyu dabam, ɗaya daga ciki a wani wuri mai nisa. Tambayar ita ce, ina ne nesa ga mutumin Gamboru? Reshen kamfani da ke wata unguwa a cikin gari ya fi aljihun tebur, amma wanda ya ga faɗin ruwan 2024 ya san wannan bai isa ba. Kano ta fi dacewa, ko Abuja. Hukumar Galaxy Backbone ta Gwamnatin Tarayya tana da cibiyar ajiya a Abuja, an kuma buɗe wata a Kano a 2023, ban da kamfanoni masu zaman kansu da ke ba da hayar wuri, yawancinsu a Legas. Sai dai a nan akwai wani lissafi da ba ya karɓar cin hanci. Haske a cikin zaren gilashi yana cin kimanin kilomita 200 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Daga Maiduguri zuwa Kano wajen kilomita 600 ne, saboda haka zuwa da dawowa ba zai gaza kashi shida ba, ko da layin a miƙe yake babu cunkoso. Irin kwafin nan da ake rubutawa a wuri biyu a lokaci guda, wanda saba ba ta ci gaba sai ta ji amsa daga can, ba ya son jinkirin da ya wuce kamar kashi biyar. Ke nan abin da zai yiwu shi ne kwafi mai biyo baya, wanda ake turawa duk bayan minti goma sha biyar ko duk sa'a. Don haka tambayar da ya kamata a yi wa Alhaji ba wane kamfani yake so ba ce. A tambaye shi cinikin minti nawa zai iya jure rasawa, kuma sa'a nawa rassansa za su iya zama a rufe. Amsarsa ita za ta nuna kuɗin da ya cancanci a kashe.

Layin da kwafin zai bi shi ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Mutanen Borno ba su manta da 2012 ba, lokacin da aka riƙa ƙona turakun wayar salula. Ran 14 ga Maris, 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku guda huɗu suka yanke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna a Nijeriya suka kasa yi wa mutane aiki. Wanda ya ajiye kwafinsa a Turai kaɗai, a irin wannan rana sai kallo. Shi ya sa har yanzu ban raina tsohon kaset na LTO ba, wanda na tara a jerinsa yake ɗaukar terabait 18, ya shiga aljihun riga, a ba amintaccen direba ya kai Kano. Ɓarawon intanet bai taɓa kulle kaset ɗin da ke kwance cikin durowa ba. A tuna kuma tun watan Yuni na 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da sunaye da lambobin mutane alhakin tsare su, saboda haka kaset ɗin da zai hau mota sai an kulle abin da ke cikinsa da mabuɗin sirri.

Sai batun wuta. A watan Janairu na 2021 aka fasa turakun lantarki na hanyar Damaturu, aka gyara a watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake fasa su, Maiduguri ta shafe watanni a duhu. Tashar iskar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris na 2023 ta kawo sauƙi, amma babu mai hankalin da zai jingina rumbu da wutar gari kaɗai. Rumbu ba ya ƙaunar a ɗauke masa wuta yana tsakiyar rubutu. Yana kuma son ɗaki mai sanyin da bai wuce digiri 27 ba, a garin da zafin Afrilu ke haura 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe kowace kafa. Duk wat ɗin da akwati ya sha, zafi yake zama, sai na'urar sanyaya ɗaki ta sake shan wata wutar ta fitar da shi, janareta kuma ya sha man dizal domin su biyun. A nan fayafan da ba su juyawa suna da hujja, domin ga aiki iri ɗaya sun fi sauƙin wuta. Ga sauri kuma babu haɗi: faifai mai juyawa sau 7,200 a minti da ƙyar yake amsa buƙata ɗari a daƙiƙa in buƙatun a warwatse suke, wancan kuwa dubbai yake amsawa. Da safe, sa'ad da 'yan haya ashirin suka farka tare kowa yana neman nasa, a nan ake gane bambancin. Amma ba dole ne a cika rumbu da masu tsada ba. Kaɗan sun isa ga kundin ciniki na yau da kullum, tsofaffin takardu su kwanta a kan masu araha.

Wajen girman ciki kuma sai an buɗe ido. Dillali na biyu ya rubuta terabait 96, watau fayafai 12 kowanne mai 8. Muka ɗauki biro. A ware ɗaya na ko-ta-kwana, saura 11. RAID mai lamba 6 ya ci biyu, saura tara, watau 72. Sa'an nan ƙidayar kwamfuta ta bambanta da ta mai sayarwa, sai 72 ɗin ta koma wajen 65. Kusan sulusi ya tafi tun ba a zuba komai ba. Na farko kuwa nasa adadin ya ma fi haka kumbura, domin ya lissafa da matsewar da yake fatan na'urar za ta yi wa bayanai, alhali hotunan rasit da takardun da aka ɗauka ba su matsuwa sosai.

Abin da ya fi sa ni juya wa takarda ta farko baya shi ne gyara. Fibre Channel ilmi ne mai zaman kansa, masu shi kuwa ba su da yawa a wannan yanki. In katinsa ya lalace ranar Juma'a da yamma, daga ina safaya za ta zo? Legas tana da nisan sama da kilomita 1,500. Garantin da ya ce za a kawo kayan gyara washegari, sai a nemi dillali ya rubuta a takarda cewa washegarin Maiduguri yake nufi. Ga kuma kuɗin shekara-shekara, wanda da dala ake yanka shi. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. A ƙarshen 2023 ɗin ne kuma kamfanin Broadcom ya saye VMware, ya daina sayar da lasisin dindindin, ya mai da kowa ɗan biyan kuɗin shekara. Wannan ya sa ƙananan ma'aikatu da yawa a duniya suka fara duban Proxmox da Hyper-V. To wanda zai sayi rumbun da zai yi shekara biyar ko bakwai, wajibi ne ya tabbata rumbun zai zauna lafiya da duk manhajar da zai iya komawa gare ta gobe.

Takarda ta uku ba ta da laifi a kan kanta, har ma ta fi sauran dabara, tun da babu akwati guda da mutuwarsa za ta kashe kowa. Sai dai sabobi uku su ne mafi ƙarancin abin da take bukata, tana son layi mai sauri ƙwarai a tsakaninsu, ranar da ta rikice kuma sai ƙwararre. Na tambayi abokina, "In ka tafi Umra, ko ka kwanta zazzaɓi, wa zai riƙe ta?" Ya yi dariya bai ce komai ba. Ban da haka, sabobi uku a ɗaki ɗaya ruwa ɗaya ne zai ci su.

Shawarar da na ba shi, a matsayina na ɗan jarida mai yawan tambaya, ita ce ya ɗauki ta biyu, bisa sharaɗin rumbun ya zo da ƙwaƙwalwa biyu da mashigar wuta biyu, a sa akwatunan raba layi biyu, kowace saba ta sami hanya biyu zuwa gare shi. Rarar kuɗin da ke tsakaninta da ta farko a sayi fayafan safaya biyu a ajiye a kabad, a ƙara batura, a kama hayar wuri a Kano domin kwafi, a kuma tura yaronsa kwas. Duk bayan wata uku a ɗauko kwafin a gwada tayar da ɗan haya ɗaya daga cikinsa a gaban shaidu, domin kwafin da ba a taɓa gwadawa ba zato ne kurum. Kakanninmu ma da suke gina rumbun hatsi, bisa duwatsu suke ɗora shi saboda danshi da gara.

Kafin in fito sai ga Alhaji da kansa ya shigo. Abokina ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin a zaɓi akwati ina roƙon a ba ni ɗakin nan na saman bene." Alhaji ya ce ai ɗakin ofishin ɗansa ne, kuma shi ne mai iska. Ya dubi takardun, ya dubi bango, ya daɗe yana duban layin nan, sa'an nan ya ce a kira masa magini ya zo ya auna ƙofar, a ga ko akwatin zai shiga.